Maƙerin da Ya Yanka Bindigoginsa

Makon jiya wani mai mota ya zo daga Brussels da farar safar hannu, yana bin gida-gida neman tsofaffin bindigogi masu harsashin ƙusa, wai zai rataye su a bangon falonsa. Aka turo shi wurina. Ya ce ya ji labarin bututun bindigogin wani maƙeri Servais, an ce babu kamarsu a kwarin nan, amma ya yi yawo har ya gaji bai samu ko ɗaya ba, ko na san dalili? Na san dalili mana. Na rufe masa ƙofa a fuska, na dawo na zauna. Servais ubana ne, kuma waɗanda suka nuna wa baƙon gidana 'ya'yan mutanen da suka binne shi da ransa ne. Ni ce Odile, 'yarsa, ni kaɗai na rage da zan faɗi yadda aka yi.

Ubana gajere ne mai faɗin kafaɗa, damtsensa na dama ya fi na hagu kauri, girarsa kuwa wuta ta cinye tun yana saurayi ba ta sake fitowa ba. Guduma ta toshe masa kunne, saboda haka ko a coci in ya raɗa maka magana sai limamin cocin ya waiwayo. Ba ya shan giya sai ranar idi. Abin da ya fi so bayan maƙera shi ne tattabarunsa na tsere, waɗanda yake yi wa magana da wata murya mai taushi da ni ban taɓa samu ba. Uwata ta rasu ina da shekara bakwai, daga nan muka zama mu biyu a gidan, sai Kawu Gilles, ƙanen uwata, da ke zuwa kullum da safe ya riƙe guduma ta biyu.

A garinmu Nessonvaux na lokacin, in ka bi bakin kogin Vesdre, ba ka wuce ƙofa uku ba ka ji zugazugi ba, kuma kusan kowa bututun bindiga yake yi. Ana jera ƙarfe mai taushi da mai tauri, a murɗa su kamar igiya, a daddake su su zama ɗamara, a naɗa ɗamarar a jikin sanda, sannan a shiga haɗa gaɓa da gaɓa da wuta da guduma. Kowace shiga wuta faɗin yatsa biyu kawai ake haɗawa. Bututu guda sai ya shiga wuta fiye da sau ɗari kafin a kai shi bakin kogi a huda, a goge. Sai an wanke shi da ruwan tsami zanen yake fitowa, kuma a nan ake gane waye maƙeri, waye mai ɓarnar gawayi.

Attajiran Liège su ke saye, su haɗa bindigar, su rubuta sunansu a sama da ruwan zinariya kamar sun taɓa riƙe awartaki. Ni abin yana ba ni haushi, shi ko a jikinsa. Yana buga ɗan harafinsa a ƙasa, inda katako zai rufe, ya ce na sama na mai saye ne, na ƙasa nasa ne. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: a gidan gwaji na Liège, inda ake ɗura wa kowane bututu albarushi fiye da kima a harba, shekara talatin nasa bai taɓa tsagewa ba. Ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Ni kuwa aikina biyu ne. Ina goya bututu a kwando in kai tashar jirgi, sannan ina ɗura wa maharban kwarinmu harsashi. Harsashin ƙusa kwalin takarda ne mai gindin tagulla, da 'yar ƙusa tsaye a gefensa. In an danna kunama, 'yar gudumar bindiga ta sauko a kan ƙusar, wuta ta tashi a ciki. Abu ne mai saurin fushi, in ya faɗo ta kan ƙusar sai ya tashi a aljihunka. Mutanen birni sun riga sun koma sabon yayi mara ƙusa, amma namu ba sa yar da abin da ke aiki. Suna kawo mini fankon, in sa sabuwar ƙusa, in ɗebo baƙin albarushi da wani ɗan ludayin tagulla da Baba ya ƙera mini, in share bakinsa da yatsa, in zuba, in toshe, in sa dalma. Ludayi ɗaya, harsashi ɗaya. Haka uwata ta yi, haka kowace mace a kwarin take yi, ba mu taɓa ganin wanda ya ɗora albarushi a sikeli ba.

Wata Juma'a cikin Satumba, shekarar 1896, ina da shekara goma sha tara, Armand Delvenne ya shigo mana ba sallama. Ubansa ne mai masaƙar ulu da rabin kwarin ke ci a ƙarƙashinsa. Bindigar da yake farauta da ita mai baki biyu ce, bututunta aikin Baba ne.

"Ke 'yar maƙeri, ina kurman?"

"Baba ya kai aiki bakin kogi, yallaɓai."

"Ya fi. Karɓi nan." Ya dangwarar da wani ɗan gwangwani a tebur. "Sabon albarushi ne, daga birni na zo da shi. Ba ya hayaƙi. Gobe ina da baƙi, ba zan tsaya ina tari a gabansu kamar tsohuwa a murhu ba."

Na buɗe. Abu fari-fari, ko warin albarushi ba ya yi. Rubutun jikin gwangwanin da wani harshe ne, daga ni har shi ba mai karanta shi.

"Nawa ake zubawa?"

"Ke da sana'arki kike tambayata? Yadda kika saba mana. Albarushi ai albarushi ne."

"Da dai a jira Baba ya dawo ya gani."

"In jira kurma ya koya mini harbi? Yi sauri, dokina yana tsaye a rana."

Na ɗura masa ashirin, ludayi cike, na share da yatsa kamar kullum. Ya kwashe, ya mayar da gwangwaninsa aljihu ya fita. Daga baya ne na ji cewa wannan irin, rabin ludayin ma ya yi yawa. Ranar ban sani ba, kuma ban ma ga abin ya kai in ambata wa Baba da ya dawo ba.

Washegari da hantsi muka ji ƙarar daga dajin da ke saman gari, ƙarar da ko Baba sai da ya ɗaga kai. Bututun hagu ya fashe a harbin farko. Likita ya yanke wa Armand hannun daga wuyan hannu. Hannun nan ina jin tausayinsa har gobe, don da hannuna aka ɗura abin da ya cire shi. Harshensa ne ba zan taɓa jin tausayi ba.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kafin rana ta faɗi, gidan Delvenne ya riga ya sanar da gari cewa haɗin Servais ne ya saki. Ai ba za a ce ɗan gidan ya cire hannunsa da wautarsa ba, ga shi saura wata biyu ya auri 'yar wani lauya. Baba ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi har ƙofarsu, hula a hannu, yana roƙo a nuna masa bututun. Maƙeri in ya ga fashewa zai karanta ta: in haɗi ne ya saki, ɗamarar takan warware ta bi naɗinta, in kuwa ƙarfi ne ya yi yawa, ƙarfen yakan yage ta tsakiya. Aka bar shi tsaye a cikin ruwan sama, sannan aka aiko kuku ta ce masa an jefa bindigar da sauran harsasan a kogi don kada uwar gida ta gani.

Ni fa? Shiru na yi. Kwana takwas ina soya wake da dankali, ina zuba masa, ina kallonsa yana juya cokali ba ya ci, bakina a rufe. Tsoro nake ji, tsoron kurkuku, tsoron Delvenne, tsoron idon Baba. Wannan kwana takwas ɗin su ne laifina, kuma ba na neman kowa ya rage mini su.

A rana ta tara alƙalin sulhu ya zauna a ɗakin taron gari. Wurin ya cika har taga. Da na ji ana karanta cewa bututun yana da aibi, sai na ji na miƙe tsaye ban san lokacin da na yi ba. Na faɗi komai, gwangwanin, farin albarushin, ludayin, har maganar doki a rana.

Alƙali ya sauke tabarau ya dubi Armand. Yana zaune fari fat, dungulmin a rataye a wuya, ubansa a bayansa ya dafa masa kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, ban san wani gwangwani ba," in ji Armand, idonsa a ƙasa. "Harsashin da ta saba yi mini ne."

"Ƙarya kake yi! Ka dube ni ka sake faɗa!"

"Zauna, yarinya," in ji alƙali, da murya mai sanyi kamar yana lallashin mara lafiya. "In haka ne, ina kike duk kwanakin nan? Ba komai, ba zan kama ki da laifi ba. Allah ya ba kowa 'ya irinki, mai ɗaukar laifi don ubanta."

Sai ɗakin ya ɗauki guna-gunin yabo. Yabo fa! Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Matan suna share hawaye, suna shafa mini baya a hanyar fita, wata har da cusa mini waina a hannu wai in ci in ji ƙarfi. Hukuncin da aka yanke shi ne tsautsayi ne, ba za a ɗaure kowa ba, bututun yana da aibin haɗi wanda ido ba ya gani. Suka ga sun yi mana rahama. Aibin da ido ba ya gani kuwa, ta ina mutum zai wanke kansa daga shi?

Da muka koma gida Baba ya zauna a kan uwar maƙera bai cire rigar Lahadin ba.

"Na gode, Odile," in ji shi. "Amma kada ki ƙara yin rantsuwa a kan ƙarya saboda ni."

"Baba, wallahi gaskiya na faɗa!"

"Da gaskiya ce da kin faɗa mini a daren farko."

"Tsoro na ji!"

Ya girgiza kai. "Na san bututun nan. Makon da uwarki ta rasu na haɗa shi. Kwana uku ban runtsa ba, akwai wata shiga wuta da na ga kamar launin bai kai ba, na ce a raina ya isa. Shekara goma sha biyu ina tuna shigar nan. Ga ta ta dawo."

"Ai ya wuce gidan gwaji!"

"Ya wuce ranar. Tsatsa tana da haƙuri."

Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ɗauko ludayin na jefa masa a gabansa. Ya ɗauka ya goge da hannun riga ya mayar wurinsa. Ubana, wanda ya san ƙarfe fiye da kowa a kwarin, ya gaskata mutanen da ko ƙusa ba su iya miƙarwa ba, ya ƙaryata ni. Na fi jin haushin wannan fiye da na alƙali.

Kafin Kirsimeti attajiran Liège sun janye aikinsu ɗaya bayan ɗaya. Kawu Gilles yana da bakuna shida a gida, ya zo ya ajiye gudumarsa yana ta borin kunya, ya tafi neman aiki a masaƙar Delvenne. Maƙeran da Baba ya koya wa murɗa ƙarfe suka koma tsallaka titi in sun hango shi. Saurayin da ke zuwa wurina ranar Lahadi ya tuna cewa yana da wata gwaggo mara lafiya a Verviers, har yau bai dawo daga dubiya ba. Baba ya koma gyaran garma da ƙyauren ƙofa.

Sai na lura da wata sabuwar ɗabi'a a wurinsa. In ya gaisa da mutum, idonsa a kan yatsun mutumin yake. A coci ma ba bagade yake kallo ba, hannuwan maza yake bi layi-layi. Ya san duk wanda ke da bindiga mai bututunsa a kwarin, daga nan har Trooz, kuma ya sa a ransa cewa kowace ɗaya tana jiran ranarta. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya ɗauki buhu ya fita, ya dawo da bindigar mai gidan burodi.

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Yawancinsu dama tsoron bindigogin suke ji, kuma ido ya riga ya koma kan sabon yayi. Amma kyauta? Ina! Wannan ya ce a yi masa ƙyaure, wancan ya ce a gyara masa keken shanu, masu wayon cikinsu suka ce tattabara suke so. Haka tattabarun nan suka ƙare ɗaya-ɗaya, har wata shuɗiya da ta taɓa dawowa daga Orléans ta riga kowa. Mutumin da ya karɓe ta, wata uku kafin nan ya ce ko kyauta ba zai riƙe aikin Servais ba, amma da aka zo musaya sai bindigar ta zama gadon kakansa.

Kowace ya kawo, sai ya cire bututun ya ɗaure a matsa, ya sa zarto. Yana yanka shi zobe-zobe, faɗin yatsa biyu, daidai kowace shiga wuta. Ya goge bakin zoben da magagari, ya ɗiga ruwan tsami, ya kai taga ya duba da gilashi, ya jefa a buhu. Bututu guda yakan ci masa wata biyu. Bai taɓa gaya mini abin da yake gani ba. Ni kuwa ƙarar zarton nan tana shiga mini har cikin haƙori.

"Baba, aikin shekara talatin kake yankawa kamar tsiran alade!"

"Me kika ce?"

"Na ce ka haukace!"

"To, a rage gishiri," in ji shi. Kurumtarsa tana da zaɓi.

Shekaru suna tafiya aka fara jin labarin tsofaffin bututu suna fashewa a wasu garuruwa saboda farin albarushi. Na samo jarida na karanta masa da ƙarfi a kunne. Ya ce wannan bututun wasu ne, ba ya wanke nasa. A gari kuwa ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce mini uffan game da zancen.

Mutum ɗaya ne ya hana shi bindigarsa, wani tsohon maharbi, Dieudonné, da ke kama zomayen Delvenne ba da izini ba. Sau biyar Baba yana zuwa, sau biyar yana korarsa. "Kai Servais, tafi ka ba ni wuri. Matata ta ci amanata, karena ya ci amanata, wannan ba ta taɓa ba." Sai da ya mutu matar ta kawo ta naɗe a tsumma. Ita ce ta arba'in da uku, ita ce ta ƙarshe. Lokacin shekara tara ke nan da fashewar, ƙurar ƙarfe ta gama da ƙirjin Baba, yana ja biyar da zarto ya tsaya ya yi tari.

Ƙarshen Nuwamba, da rana tsaka, na ji zarton ya yi shiru. Ya kira ni. Yana zaune a bakin taga da zobe na ƙarshe a tafin hannu, buhuna uku a gefensa.

"Odile, babu. Ko ɗaya babu aibi. Har waɗanda na haɗa a watan da uwarki ta rasu, guda huɗu suna ciki, tas suke." Ya yi tari. "Ashe gaskiya kika faɗa."

Na san abin da 'yar kirki za ta yi, ta durƙusa ta rungume shi. Ni ban yi ba. Na tsaya na ce masa shekara tara da bindiga arba'in da uku da duk tattabarunsa ya biya don ya sayi abin da na ba shi kyauta a rana ɗaya. Na ce masa ya yarda da zarto bai yarda da 'yarsa ba. Na faɗa da ƙarfi yadda ba zai ce bai ji ba. Bai kare kansa ba, ya dai sunkuyar da kai, kuma a lokacin na ga yadda wuyansa ya rame.

"Jibi idin maƙera ne," in ji shi can. "Ƙafata ba za ta kai ni ba. Ki kai musu su gani da idonsu."

Ranar Waliyyi Eloi, idin maƙera, ba a hura wuta a maƙera. Bayan coci maƙera suna taruwa a gidan shan giya na bakin gada, a ci, a sha giyar nan mai zafi, pèkèt, a yi waƙa. Na zuba zobban a kwandon da nake goya bututu da shi, nauyin ya kusa karya mini baya, na shiga ana tsakiyar waƙa. Rabin maƙerun garin sun riga sun mutu, samarin duk a manyan masana'antun Herstal suke, inda inji ke huda sandar ƙarfe ya fitar da bututu kafin ka sha kofi. A bakin babban tebur kuwa wa ke zaune? Armand Delvenne, ya yi tumbi, da hannun katako a cikin baƙar safa. Shi ya gaji masaƙa, shi ke sayen giyar idi kowace shekara.

Na juye kwandon a kan tebur. Zobba suka watse, suka kifar da kofuna, suka gangara ƙarƙashin kujeru.

"Ga aikin Servais! Bututu arba'in da uku, gaɓa da gaɓa. Ku maƙera ne, ku duba. Wanda ya ga aibi ya ɗaga mini shi sama!"

Sai wani tsoho ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido ya yi fito.

"Kai, aiki ke nan. Dubi zane, kamar an saƙa."

"Wane aibi take magana?" in ji wani saurayi.

"Tsohon zancen hannun maigida mana."

"Au, wannan? Haba Odile, ai kowa ya sani farin albarushi ne. Tun yaushe! Yanzu ma a jikin kwalin ake rubutawa, kada a sa a tsohon bututu."

"Kowa ya sani?"

"Kowa mana."

Na bi su da kallo ɗaya-ɗaya. Kowa ya kawar da kai, wani yana gyara lofe, wani yana tsintar zobe. Kawu Gilles yana can lungu ya nutsa hancinsa a kofi.

"Kawu, kai ma ka sani?"

"To, 'yar nan, an dai yi ta faɗa a masaƙa..."

"Daga ƙofarka zuwa tamu taku arba'in ne. Kana jin zarton nan kullum. Ƙafarka ce ta karye, ko bakinka?"

"Ai mun ɗauka ya sani. Mun ɗauka abin sha'awa ne yake yi, kin san tsufa."

Ƙarya yake yi. Ba wanda ya ɗauka ya sani. Zuwa gaya wa Servais yana nufin cewa mai masaƙa ya yi rantsuwar ƙarya a gaban alƙali, kuma ba mai son a ce daga bakinsa aka fara ji. Sun gwammace su saurari zarto shekara da shekaru.

Na juya wurin Armand. Na ce ya faɗa, kalma ɗaya, a gaban mutanen nan, in kai wa tsoho kafin ya mutu. Ya dube ni, a karon farko tun ranar gwangwanin. Na ga leɓensa ya motsa, har na sa rai.

"Odile, wannan tsohon zance ne," in ji shi a hankali. "Wa ke harbi da irin waɗannan yanzu? A ba ta kujera, a zuba mata wani abu, ta sha hanya."

Shi ke nan. Mai kiɗa ya ci gaba da kiɗansa. Wani ya tambaye ni ko zai ɗauki zobe shida, matarsa tana neman na labule. Wani ya riga ya zura ɗaya a yatsa yana nuna wa abokinsa. Na ɗauki kwandona fanko na fita, ban tsaya tsintar komai ba.

A kan gada na tsaya har sai da numfashina ya daidaita. Da na shiga gida na tarar ya sa an taimaka masa ya zauna a gado, ya taje gashinsa, ya sa rigar Lahadi.

"Yaya? Me suka ce?"

Na ajiye kwandon. Na matso kusa da kunnensa mai ɗan ji.

"Sun duba ɗaya-ɗaya, Baba. Da suka gama sai suka miƙe tsaye gaba ɗaya suka cire hula. Suka ce ba a taɓa maƙeri kamarka a kwarin nan ba."

"Har Gilles?"

"Kawu har kuka ya yi."

"Armand fa? Yana wurin?"

"Yana wurin. Ya faɗi gaskiya a gaban kowa, ya ce a roƙa masa gafararka."

Ban yi rantsuwa ba, bai ma nema ba. Ko gilashi bai ɗauko ya duba maganar ba, ya haɗiye ta ɗungurungum. Fuskarsa ta saki, ya jingina da matashi ya lumshe ido.

"Kin gani ko? Ashe yaron kirki ne, tsoron ubansa ne ya sa shi. Gobe ki je ki ce masa Servais ya yafe."

Na ce to. Ya rasu kwana goma sha ɗaya bayan haka, hankalinsa kwance, yana tambayata ko na je, ina cewa na je. Armand yana nan da ransa, ya haura saba'in, kowace Lahadi motarsa tana wucewa ta ƙofata zuwa coci. Saƙon yana wurina, kuma da shi za a binne ni.